George Pimentel: Baturen da ya daskarar da ruwa don ya ji muryarsa

A wannan fili mun saba kawo tarihin sarakuna da malamai da attajiran da suka yi zamaninsu suka wuce. Yau kuwa tsallaka teku za mu yi, mu ɗauko tarihin wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Amurka mai suna George Claude Pimentel, wanda ya rasu tun shekarar 1989. Wani zai ce, me ya haɗa mai awon hatsi da tiya a kasuwar Tanut da Baturen Kalifoniya? Ruwa ne ya haɗa su.

Duk wanda ya tashi a Damargu, daga Tanut zuwa Gangara har Belbeji, ba sai an yi masa wa'azi a kan darajar ruwa ba. Ƙasa ce ta rijiyoyi masu zurfi, inda sai an ɗaura igiyar guga a jikin raƙumi ko sa ko jakuna, su yi tafiya mai nisa kafin guga ya leƙo bakin rijiya. Kowa ya san ruwan randa da na salka suna yin sanyi a tsakiyar bazara, na jarkar roba kuwa kamar an ɗora shi a wuta. Mun san haka tun muna yara, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi dalili. Mutumin da za mu ba da tarihinsa yau ya kwashe shekaru yana bin diddigin wannan dalili, har ya kai ga kama ƙwayoyin ruwa biyu-biyu, uku-uku, yana sauraron abin da ke tsakaninsu.

An haifi Pimentel ranar 2 ga watan Mayu na shekarar 1922 a wani ƙauye mai suna Rolinda, kusa da birnin Fresno, a yankin manoma na jihar Kalifoniya. Gidansu ba gidan masu hali ba ne. Mahaifinsa bai wuce aji uku a makaranta ba, aikin gini ya riƙe, ita ma mahaifiyarsa ba ta samu kammala sakandare ba. Da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe daga shekarar 1929, masana'antu suka rufe, miliyoyin mutane suka rasa aiki, sai iyalin suka yi ƙaura zuwa wata unguwar talakawa a birnin Los Anjelis. A can auren iyayen ya mutu, ɗawainiyar yara ta koma kan uwar. Iyayenmu mata da ke riƙe da gida da cinikin ƙosai ko fura sun fi kowa sanin abin da wannan ke nufi, ba sai mun tsawaita ba.

Yaron yana da wa wanda ya ƙware a lissafi, shi ya riƙa jan sa. Tun yana ƙaramar sakandare yakan hau kekensa ya tafi garin Pasadena don ya saurari laccar da shahararren masanin nan Robert Millikan yake gabatarwa. A 1939 ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis da niyyar ya zama injiniyan gine-gine, watakila don ya ɗaukaka sana'ar mahaifinsa, amma daga baya ya sauya zuwa ilimin sinadarai, ya kammala a 1943.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana kan ganiyarsa. Aka ɗauke shi aiki a Berkeley, kusa da San Faransisko, cikin shirin sirri na ƙera bam ɗin nukiliya, inda aka sa shi cikin masu tace sinadarin fulutoniyam a ƙarƙashin wani farfesa mai suna Wendell Latimer. Da ya fahimci inda aikin ya dosa, sai ya ajiye shi a 1944, ya shiga sojan ruwa, ya kuma nemi a tura shi jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin teku, wanda yana cikin ayyuka mafi haɗari a wancan yaƙi. Ga aikin inuwa da albashi a hannu, ya bar shi ya zaɓi inda ake mutuwa. Bayan yaƙi ya ɗan yi aiki a ofishin binciken kimiyya na sojan ruwa a Washinton, sannan ya koma Berkeley a 1946, ya sami digirin dakta a 1949 a hannun Farfesa Kenneth Pitzer. A shekarar aka ɗauke shi malami a jami'ar, kuma bai sauya gida ba har ƙarshen rayuwarsa, shekara 40 cur.

Riƙon da ke tsakanin ƙwayoyin ruwa

A nan sai mun ɗan dakata da tarihin mutumin, mu fayyace abin da ya sa a gaba, in ba haka ba ba za a gane girman aikinsa ba.

Idan aka yi ta raba ɗigon ruwa gida-gida, za a kai ga ƙwaya mafi ƙanƙanta wadda har yanzu ruwa ce. Ƙanƙantarta ta wuce misali. Da a ce duk mutanen duniya, biliyan 8, za su zauna su riƙa ƙirga ƙwayoyin da ke cikin ɗigo ɗaya tak, kowa yana ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa ba barci ba hutu, sai sun haura shekara 6,000 ba su gama ba. Kowace ƙwaya kuma an gina ta ne da ƙwayoyin zarra uku: oksijin ɗaya a tsakiya, haidirojin biyu a gefe, kamar mutum mai kai ɗaya da hannu biyu a buɗe. Kan yana ɗauke da ɗan cajin lantarki, hannuwan kuma suna ɗauke da kishiyarsa, kamar bakin batir biyu. Saboda haka hannun wannan ƙwaya yakan miƙa ya dafa kan maƙwabciyarta. Wannan dafawa ita masana suke kira riƙon haidirojin.

Riƙo ne maras ƙarfi. Ƙarfinsa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin ashirin na ƙarfin da ya haɗa hannun da jikin ƙwayarsa ba, kuma a cikin ruwan sha ana kamawa ana saki, ana sauya abokin riƙo kamar ƴanmata a dandalin gaɗa, sau wajen tiriliyan ɗaya a daƙiƙa guda. Amma da babu shi, da babu ruwa a rijiya ko a tafki. Ga hujja. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ƙirarta ɗaya da ta ruwa, kai ɗaya hannu biyu, ta ma kusan ninka ƙwayar ruwa nauyi, amma ita ƙwayoyinta ba su iya riƙe juna sosai, don haka takan tafasa ta zama iska tun a awo 60 ƙasa da sifili. Ruwa kuwa sai ya kai awo 100 sama da sifili. Wannan tazara duk aikin riƙon nan ne.

Masu sayar da ƙanƙara da zoɓo ma sun san aikinsa ko da ba su san sunansa ba. In aka cika kwalba maƙil aka jefa a firiza, da safe sai a tarar ta fashe. Abin da ke faruwa shi ne, idan ruwa ya daskare, kowace ƙwaya takan tsaya cik riƙe da maƙwabta huɗu, biyu da hannuwanta, biyu kuma sun dafa kanta, sai tsarin ya bar gurabe a tsakani, ruwan ya kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100. Shi ya sa ƙanƙara ke yawo a saman kofi maimakon ta nutse.

Wani abin sha'awa shi ne, Farfesa Latimer, wanda Pimentel ya bar wa aikin bam, yana ɗaya daga cikin mutum biyu da suka fara bayyana wannan riƙo a rubuce game da ruwa, shi da Worth Rodebush, a 1920, a nan Berkeley ɗin. Daga baya Linus Pauling ya yayata batun a littafinsa na 1939. To amma faɗa daban, gani daban. Babu madubin likita da zai nuna ƙwayar ruwa a wancan zamani. Ta yaya za a auna abin da ido ba ya gani?

Hasken da ido ba ya gani

Amsar ta samo asali tun shekarar 1800, lokacin da wani masanin taurari a Ingila mai suna William Herschel ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya warwatse launi-launi kamar bakan gizo. Ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya tarar zafin ya ma fi yawa a nan. Ashe akwai wani haske a ɓoye. Turawa suna ce masa infirared, mu kuwa bari mu kira shi hasken ɗumi. Shi ne mai tuya take ji a fuskarta daga garwashi tun ba ta taɓa kasko ba, shi ne kuma katangar ƙasa ke fitarwa bayan magariba.

Amfaninsa ga masana shi ne, hannuwan ƙwayar ruwa ba a tsaye suke ba, kullum cikin karkarwa suke kamar tsirkiyar garaya, sau wajen tiriliyan 100 a daƙiƙa. Idan aka haska hasken ɗumi ta cikin abu, abin yakan shanye ɓangaren hasken da ya yi daidai da karkarwarsa, ya bar saura ya wuce. In aka duba abin da ya ɓace, sai a gane ko mene ne a ciki, kamar yadda dillali a kasuwar dabbobi ta Belbeji yake duba alamar wuta a jikin raƙumi ya faɗi daga wane gida ya fito. Bugu da ƙari, hannun da ke riƙe da maƙwabciya tsirkiyarsa takan ɗan saki, muryarsa ta yi ƙasa. A ma'aunin masana, hannun da ke sake yana kaɗawa a wajen 3,700, wanda ke cikin ƙanƙara kuwa a wajen 3,200. Ke nan daga saukar murya ana iya gane ƙarfin riƙo.

Sai dai akwai matsala babba. Ruwan kofi kamar kasuwar Bakin Birji ne ranar da take ci da tsakar rana: daga nesa guguwar hayaniya kawai ake ji, ba a rarrabe muryar kowa. Haka injin awon yake nuna ruwa, shafi ɗaya mai faɗi, muryoyi sun cakuɗe. Mai son ya san yadda ciniki ke ƙulluwa dole ya ja mai saye da mai sayarwa gefe, ya saurare su su biyu. To ta yaya za a ja ƙwayoyin ruwa biyu gefe, a hana sauran su zo su manne musu?

Dabarar da Pimentel ya fito da ita a 1954, tare da abokan aikinsa Eric Whittle da David Dows, ita ce ta sa sunansa ya shiga littattafai. Duk matar da ta taɓa ɗauko ƙwan zabi daga ƙauye ta san dabarar: a zuba ƙaiƙayi ko dusa a ƙwarya, a binne ƙwai ɗai-ɗai a ciki yadda ba za su taɓa juna ba. Shi ƙaiƙayinsa iska ce wadda ba ta shiga sabgar kowa, irin su naitirojin ko argon. Sai ya gauraya ɗan abin da yake son dubawa da wannan iska mai yawa, ya fesa su a kan wata ƴar taga da aka sanyaya zuwa kimanin awo 253 ƙasa da sifili. A irin wannan sanyi iskar kanta takan daskare nan take, ta kulle kowace ƙwaya a ɗakinta, ba motsi ba ziyara. Tagar ma ba ta gilashi ba ce, domin gilashi yana tare yawancin hasken ɗumi, da wani irin gishiri mai garai-garai ake yin ta. Ba dai irin kantun Bilma da ayari ke saukewa a kasuwanninmu ba, amma danginsa ne. A daidai wannan lokaci wani masani a Ingila, George Porter, shi ma ya bi wata hanya mai kama da wannan, amma a hannun Pimentel da ɗalibansa ne dabarar ta zama sana'a.

A 1957 ya juya dabarar kan ruwa, tare da Mathias Van Thiel da Edwin Becker. Da suka sa ruwa ɗan kaɗan ƙwarai cikin naitirojin mai yawa, sai injin ya nuna layuka sirara, tsaf-tsaf, muryar ƙwayar ruwa ita kaɗai. Da suka ƙara ruwan kaɗan, ya zamana wasu ɗakunan sun sami baƙi biyu, sai sababbin layuka suka ɓullo ƙasa da na farko. Suka ƙara, wasu suka sake ɓullowa ƙasa da waɗancan, na ƙwayoyi uku da fiye, har daga ƙarshe hayaniyar kasuwa ta dawo. A karon farko ɗan'adam ya ji muryar ƙwayoyin ruwa biyu riƙe da juna, ya kuma ga matakan da ake bi daga ƙwaya ɗaya zuwa ƙanƙara.

Amma a fassarar abin da suka ji sun yi tuntuɓe. Sun yanke cewa ƙwayoyin biyu suna riƙe juna ne ta ɓangarori biyu, sun yi zobe. A 1970 wasu masana biyu, Tursi da Nixon, suka maimaita gwajin da injin da ya fi kaifi, da wannan dabara tasa ta daskararwa, suka nuna cewa hannu ɗaya ne kawai ke riƙo, ɗaya tana bayarwa ɗaya tana karɓa, sauran hannuwa uku a sake. A 1977 Thomas Dyke da abokansa suka tabbatar da haka ta wata hanya daban. Mu a ganinmu wannan bai rage masa daraja ba, tunda da tsaninsa aka hau aka hango kuskuren nasa. Kuma zoben bai tafi a banza ba. A shekarun 1990 wani farfesa a sashen da Pimentel ya bari, Richard Saykally, ya auna ƙwayoyin ruwa suna shawagi ba tare da ƙaiƙayi ba, ya nuna cewa idan sun kai uku, ko huɗu, ko biyar, lalle zobe suke yi, kowace tana riƙe da ta gabanta. In sun kai shida sai tsarin ya tashi daga shimfiɗe ya dunƙule kamar akurki. Har a ƙarnin nan ana ci gaba da wannan ƙirga da hasken ɗumi: a 2012 masana a Jamus suka ce sai ƙwayoyi sun kai wajen 275 kafin su fara ɗaukar tsarin ƙanƙara, a 2019 kuma wani binciken ya sauko da adadin zuwa wajen 90.

Yanzu mu koma randa. Jikinta yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsattsafowa waje. Kafin ƙwaya ɗaya ta tashi ta bi iska, sai ta fizge kanta daga riƙon maƙwabtanta, kuma fizgewar tana cin zafi, zafin kuwa daga ruwan da ya rage a ciki ake zaro shi. Cin ba kaɗan ba ne: zafin da ake buƙata don mayar da lita ɗaya ta ruwa tururi ya ninka fiye da sau biyar wanda zai ɗaga ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. A lissafi, tulu mai lita 20 in ya yi asarar kofi ɗaya ta wannan hanya, ruwan zai iya sauka da awo 5 ko fiye, in ba wani zafi ya shigo daga waje ba. Jarkar roba ba ta zufa, shi ya sa masu dabara ke naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Iska busasshiya irin ta Damargu ta fi kowace taimaka wa wannan aiki. A kan wannan ne wani malamin makaranta a jihar Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don tumatir da yalo da alayyafo su ƙara kwanaki ba su lalace ba, har kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a shekarar 2000. Zufar jikinmu ma da wannan hanya take sanyaya mu.

Haka batun dare. Tururin ruwa da ke cikin iska yana shanye hasken ɗumin da ƙasa ke fitarwa, ya mayar da wani ƙasa, kamar bargo. Wani masani ɗan Ailan, John Tyndall, ya auna haka tun wajen 1860. Da hunturu iska ta bushe, bargon ya yaye, sai sanyin asuba ya hana mai shayi sakat a tashar Tanut. Da damina ta kusa, iska ta jiƙe, sai dare ya yi gumi ko da rana ta daɗe da faɗuwa. Ƙalilan daga ƙwayoyin tururin nan suna yawo ne biyu-biyu, irin waɗanda Pimentel ya fara saurara, kuma masu lissafin ɗumamar yanayi suna sa su cikin hisabi. Da wannan haske dai taurarin ɗan'adam irin su Meteosat suke auna sanyin saman gajimare, domin hadarin da ya fi tsawo ya fi sanyi a ka, shi ne kuma ya fi zubar da ruwa. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin nan, tana amfani da irin waɗannan bayanai wajen bin sawun damina da ciyawa a ƙasashen Sahel. Ba Pimentel ne ya ƙera waɗannan taurari ba, amma harshen da suke ji shi ne wanda ya ƙare rayuwarsa yana fassarawa. Wanda ya ga yadda kuɗin buhun hatsi ya tashi a 2005 ya san labarin damina ba na manoma kaɗai ba ne.

A 1960 ya wallafa littafi sukutum a kan riƙon haidirojin tare da Aubrey McClellan, wanda ya zama madogara ga masu bincike shekaru da dama. Amma duk da shaharar da ya yi, bai yarda ya bar ajin ƴan shekarar farko ba, ajin da manyan farfesoshi da yawa ke gudu. Ɗaruruwan ɗalibai yake tarawa a zaure ɗaya yana koya musu tushen ilimin sinadarai. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, hankalin Amurkawa ya tashi, suka ga an bar su a baya, sai aka kafa kwamitin sake tsarin koyar da kimiyya a sakandare. Pimentel ne ya shugabanci rubuta littafin sinadarai, wanda ya fito a 1963, aka kuma fassara shi zuwa harsuna da dama. Tsarin littafin shi ne yaro ya fara gwadawa da hannunsa, ya gani da idonsa, kafin a ba shi ƙa'ida ya haddace. Muna ganin makarantunmu har gobe suna da abin koyo a nan.

A 1964 da 1965, shi da ɗalibinsa Jerome Kasper suka gano hanyar fitar da hasken leza daga haɗuwar sinadarai kai tsaye, abin da ba a taɓa yi ba. Wannan kaɗai ya isa ya ɗaukaka sunan mutum, amma ba shi ne batunmu ba yau.

Tafiya duniyar Mars

Burinsa ya wuce doron ƙasa. A 1967 ya nemi shiga sahun ƴan sama-jannati, yana da shekara 45, ya kuma fito cikin na gaba-gaba a tantancewar masana, sai likitoci suka gano wata ƴar matsala a cikin idonsa ɗaya, aka ajiye shi. Tunda shi bai samu tafiya ba, sai injinsa ya tafi. Shi da Kenneth Herr suka ƙera na'urar awon hasken ɗumi da aka ɗora a kumbuna biyu, Mariner 6 da Mariner 7, waɗanda suka gifta ta kusa da duniyar Mars ranar 31 ga Yuli da ranar 5 ga Agusta na 1969, kwanaki kaɗan bayan Amurkawa sun taka wata. A kumbo na farko wani sashe na na'urar ya ƙi yin sanyin da ake buƙata, aka yi asarar rabin awon. Na biyu kuwa ya yi aiki lafiya lau.

Cikin ɗokin sakamakon, kwana biyu kacal bayan giftawar kumbo na biyu, Pimentel ya fito gaban ƴan jarida ya bayyana cewa na'urarsa ta ga alamun iskar mitan da ta amoniya a gefen farar hular da ke kudancin Mars, kuma irin waɗannan iskoki a duniyarmu sau da yawa daga abu mai rai suke fitowa. Labari ya zagaye duniya, jaridu suka yi ta buga cewa watakila an sami rai a Mars. Shi kuwa ya koma ɗakin gwaji ya ci gaba da tantancewa. Cikin ƴan makonni ya gano cewa iskar kabon da ta daskare ta yi kauri tana iya ba da waɗannan layuka biyu daidai wa daida. Da bakinsa ya fito ya janye maganar. Wannan ya fi tuntuɓen zobe zafi, domin a gaban duniya aka yi shi, kuma gaggawa ce ta jawo. Ɗan kasuwa ya san nauyin abin: mutum ya auna wa jama'a kaya, sun tafi suna murna, sannan ya gano tiyarsa ta yi ƙarya, ya bi su da kansa ya faɗa musu.

Na'urar ba ta tashi a tutar babu ba. Ta taimaka wajen tabbatar da cewa farar hular kudancin Mars, a saman da aka gani, ƙanƙarar iskar kabon ce. A 1974 kuma shi da abokan aikinsa suka wallafa shaidar cewa akwai ruwa maƙale cikin ma'adanan ƙasar Mars, suka gane shi ta wannan muryar hannun ƙwayar ruwa da ya sani tun 1957. Kumbunan da aka aika daga baya sun gaskata cewa akwai irin waɗannan ma'adanai da ƙanƙarar ruwa a can.

Daga 1977 zuwa 1980, zamanin Shugaba Jimmy Carter, ya zama mataimakin shugaban hukumar da ke raba kuɗin binciken kimiyya ta ƙasar Amurka, sannan ya koma ajinsa a Berkeley. Ya sami lambar yabo ta Wolf a 1982 tare da John Polanyi na Kanada, ya karɓi babbar lambar kimiyya ta ƙasarsa a 1985, a shekarar ne kuma kwamitin da ya jagoranta ya fitar da wani rahoto a kan makomar ilimin sinadarai wanda har yau da sunansa ake kiransa. A 1986 ya shugabanci ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka, inda ya kawo shawarar a ware rana guda a shekara da masana za su fita daga ɗakunan gwaji su yi wa jama'ar gari bayanin aikinsu. An fara a 1987, daga baya ranar ta zama mako guda.

Mutum ne mai son motsa jiki, yana buga wasanni da ɗalibansa har bayan ya haura shekara sittin. Ciwon dajin hanji ne ya kama shi. A watannin ƙarshe, yana fama da jinya, ƙungiyar tasu ta ba shi lambarta mafi girma, wato ta Priestley, a 1989. Ya rasu ranar 18 ga watan Yuni na wannan shekara a gidansa da ke Kensington, kusa da jami'ar, yana da shekara 67. Jami'ar ta sa sunansa a babban zauren da ya riƙa koyar da ƴan shekarar farko.